Yadda Ake Sa Maikurokwantirola Ta Kunna Fitila

Idan ka buɗe rimot ɗin talabijin, ko injin wanki, ko mitar wuta ta kati, za ka tarar da wani ɗan baƙin guntu mai ƙafafu a jere. Ita ce maikurokwantirola, ƙaramar kwamfutar da aka haɗa ƙwaƙwalwarta da ma'ajinta da kafofin shiga da fita wuri guda. Aiki ɗaya ake ɗora mata, ta yi ta maimaita shi muddin da wuta.

Mai koyo ya fara da allon Arduino Uno. Aikin Arduino ya faro ne a garin Ivrea na Italiya a 2005, domin ɗalibai. Guntun da ke kan allon ATmega328P ne, ma'ajin manhajarsa kilobait 32 kacal. Hoton waya ɗaya ya fi ƙarfinsa, amma ya ishe mu.

Ka tanadi allon, da wayar USB, da ƙwan LED, da rizista mai ohm 220, da allon gwaji, da 'yan wayoyi.

Da farko ka sauke manhajar Arduino IDE a kwamfuta, ka jona allon. Idan kwamfutar ta ƙi ganinsa, kada ka yi saurin cewa an sayar maka da matacce. Allunan kwaikwayo masu araha galibi guntun CH340 ne ke haɗa su da USB, sai an sa manhajar direbansa a kwamfutar.

Sai haɗi, amma ka zare USB tukuna. Dubi ƙwan da kyau, ƙafa ɗaya ta fi tsawo. Doguwar za ta bi ta rizista zuwa kafa ta 13, gajeriyar kuma ta tafi GND. In ka juya su, ba zai kama ba. In ka tsallake rizista, ƙwan na iya ƙonewa, wani lokaci har da kafar allon.

Mayar da USB, ka shiga File, Examples, 01.Basics, ka buɗe Blink. Zaɓi sunan allonka da kafar kwamfutar da yake kai, ka danna Upload. Ƙwan zai riƙa kamawa daƙiƙa ɗaya, ya mutu daƙiƙa ɗaya.

Yanzu nemi layukan da aka rubuta delay(1000). Ana lissafin ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mayar da su 200, ka sake lodawa, ka ga yadda ƙiftawar za ta yi sauri. Ba ka taɓa waya ko ɗaya ba, rubutu kawai ka sauya, kuma ko ka zare allon daga kwamfuta ka ba shi batir, umarnin yana nan daram.

Kafar allon bolt 5 take bayarwa, kuma kada ka ja fiye da miliyamfa 20 daga gare ta. Fanka ko famfon ruwa sai ta hanyar rile, wato makunnin da allon ke iya sarrafawa, kuma duk abin da ya shafi wutar gida, ka kira mai gyaran wuta ya tsaya a kai.