Daga Kwata Zuwa Tukunya: Darasi a Kan Ragowar Magani da Gansakuka

’Yan’uwa ’yan kasuwa da iyayen gida na Akébé, wannan darasi ya shafi ruwan da ke bi ta ƙofar shagunanmu.

Gansakuka, wato koren nan da ke lulluɓe duwatsun rafi, ita ce tushen abincin halittun ruwa. Ƙananan ƙwari na cin ta, ƙananan kifaye na cin ƙwarin, manyan kifaye kuma su cinye ƙanana. A ƙarshe kifin ya iso tukunyarmu.

Homon sinadari ne da ke sarrafa girma da haihuwa a jikin mutum da dabba. Ana harhaɗa irinsa a ƙwayoyin tazarar haihuwa, da wasu mayukan bilicin masu ɗauke da betametazon ko kilobetazol. Idan aka watsa ragowarsu a kwata, ruwan saman Libreville mai yawa yakan kwashe su zuwa rafuka, daga nan zuwa mashigar kogin Komo. Gansakuka takan tsotse sinadarin. Wani ɓangare takan narkar da shi, wani kuma ya taru a jikinta har ya shiga cikin mai cin ta. Idan ya yi yawa, yakan rage mata girma.

A ƙasar Kanada, daga 2001 zuwa 2003, masana ƙarƙashin jagorancin Karen Kidd sun riƙa zuba homon na ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafkin gwaji da ke lardin Ontariyo. Adadin bai wuce giram 5 zuwa 6 a cikin lita biliyan 1 ba, kimanin cokalin shayi guda. Duk da haka mazan wani ƙaramin kifi suka fara nuna alamun mata, haihuwarsu ta tsaya, har irinsu ya kusa ƙarewa a tafkin.

Saboda haka:

1. Kada a zuba ragowar magani a kwata, rafi ko masai. A mayar da shi kantin magani a nemi shawara.
2. Mai shago ya guji sayar da man bilicin mai homon. Yana sirantar da fata, kuma amfani da shi na tsawon lokaci kan jawo hawan jini.
3. Uwar da likita ya ɗora a kan maganin tazarar haihuwa ta ci gaba da shan sa. Abin gyara shi ne yadda ake zubar da ragowa.

Rigakafi ya fi magani. Mu tsare kwatarmu, mu tsare abincin ’ya’yanmu.