Jiran Manomi: Darasi daga Ikilisiyar Metodis a kan Baftisma, Jibi da Addu'a

Karatu: Luka 24:13-35, Ayyukan Manzanni 2:41-47, 1 Korantiyawa 11:17-34

Mai karatu, ko ka taɓa zama a sujada ran Jibin Ubangiji, gurasa ta iso gabanka, ka sunkuyar da kai ka bar ta ta wuce? Dattawa ba su sa ka ƙarƙashin horo ba. Kai ne ka ce a ranka, "Zuciyata ta yi sanyi, ban isa ba. Sai na gyara tukuna." Wata ya bi wata, gyaran bai zo ba. Addu'ar safe ma ta tsaya, gama ka ce ina amfanin addu'ar da baki ke yi zuciya tana wani wuri? In haka kake, ko ke uwargida, wannan darasi naku ne. Za mu ɗauko shi daga ikilisiyar da ake kira Metodis, domin tun tana jaririya ta sha gardama a kan wannan magana.

Waɗanda suka je cin rani Kumasi, ko Ikko, ko Kwatano, ko Abijan, sun ga majami'un Metodis. Masu bishararsu sun sauka a Kef Kos ta ƙasar Gana a 1835, a Badagiri ta Nijeriya kuma a 1842. Amma asalinsu Ingila ne. Jon Wesli, ɗan wani fasto, an haife shi a 1703, ya rasu a 1791. Sa'ad da yake babbar makarantar Oksfod, wajen 1729, shi da ƙanensa Cals da abokai kaɗan suka ɗaura aniyar cin Jibi kowane mako, da azumi, da ziyartar 'yan kurkuku, kowane abu da lokacinsa. Sauran ɗalibai suka yi musu ba'a, suka laƙaba musu Metodis, wato masu bin tsari. Sunan ba'a ya manne har yau.

Duk da ƙoƙarin nan Wesli bai sami salama ba. Sai ran 24 ga Mayu 1738, a wani ƙaramin taro a Landan, ana karanta bayanin Martin Luta a kan Littafin Romawa, a nan ya tabbata cewa ga Almasihu kaɗai ya dogara, an kuwa ɗauke zunubansa. Ka riƙe wannan. Mutumin da za mu ji koyarwarsa ya san sarai ayyukan ibada ba su cece shi ba.

Gardamar zama shiru

A ƙarshen 1739 wani saurayi mai wa'azi, sunansa Molta, daga cikin 'yan'uwan Morabiya na Jamus, ya iso Landan, ya shiga taron da Wesli yake ciki. Ya koya musu cewa wanda bai sami cikakkiyar bangaskiya ba, wadda babu ko ɗigon shakka a cikinta, kada ya ci Jibi, kada ya je sujada, kada ya matsa wa kansa da karatun Littafi Mai Tsarki ko addu'a. Ya zauna shiru gaban Ubangiji har bangaskiya ta sauko masa. In ya yi waɗannan abubuwa, in ji Molta, zai dogara gare su maimakon Almasihu. Maganar tana da kamannin tsarki, mutane da yawa kuwa suka bi ta.

Wesli ya ƙi. Ya ce alheri kyauta ne daga Allah, babu mai sayensa, amma Allah da kansa ya sa hanyoyin da ya saba zuwa wurin mutane ta cikinsu. Ya kira su hanyoyin alheri, manyansu kuwa addu'a, da binciken Littafi Mai Tsarki, da Jibin Ubangiji. Mai jiran Allah, sai ya jira shi a cikin hanyoyin nan. Gardama ta yi tsanani har a watan Yuli 1740 ya fita daga taron, shi da mutane kaɗan.

Kai manomi ne, ba ka bukatar dogon bayani. Ruwan sama ba aikin hannunka ba ne, ba ka iya kawo ko yayyafi. Amma yaya kake jiransa? Kakan share gona, ka kai taki, ka gyara irin hatsi, wani lokaci ma ka yi binne tun ƙasa tana busasshiya. Wanda ya kwanta gindin gawo yana cewa shuka rashin dogara ga Allah ce, damana za ta zo ta wuce, rumbunsa fayau. Wesli ya yi gargaɗi ta ɗaya gefen kuma. Hanyoyin ba su da iko a kansu. Guga ba ya kashe ƙishi. Wanda ya tsaya bakin rijiya yana yabon gugansa bai sha ruwa ba tukuna.

Baftisma

A nan mu da su mun bambanta, ba kuwa za mu ɓoye ba. Metodis suna yi wa manya baftisma, suna yi wa jariran masu bi. Sukan yayyafa ruwa, ko su zuba, ko su nutsar. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Iyaye da ikilisiya sukan yi alkawarin goyon yaro cikin bangaskiya, in ya girma a koya masa, ya tsaya gaban jama'a ya amsa da bakinsa. Yawancin ikilisiyoyinmu na nan sukan jira mutum ya tuba ya shaida, kāna a kai shi gulbi ko tabki a nutsar da shi, bisa ga yadda muka fahimci Ayyukan Manzanni 2:41 da 8:36-38. In ka tarar da ɗan'uwa Metodis a baƙunci, kada wannan ya hana ka ba shi hannu.

Ga abin da ya kamata mu ji. A zamanin Wesli kusan kowane mutumin Ingila an yi masa baftisma tun yana goye, har mashayi da mai dūkan mata da mai zamba a kasuwa. Wesli ya gaya musu a fili cewa baftisma alama ce, sabuwar haihuwa ita ce abin da alamar take nunawa, kada su jingina ga abin da aka yi musu dā, su dubi abin da suke yanzu. Mu da aka nutsar muna da gemu, maganar ba ta tsallake mu ba. Akwai masu katin baftisma a ƙasan adaka, laya kuwa tana ɗaure a kugu.

Jibin Ubangiji

Mahaifiyar Wesli, Susana, matar fasto ce mai tsoron Allah tun ƙuruciya. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka rasu suna jarirai. A 1739, tana da shekara 70, ta durƙusa cin Jibi kamar yadda ta saba. Surukinta ne yake miƙa mata ƙoƙon, yana faɗar kalmomin da akan faɗa, cewa saboda ita aka zub da jinin Almasihu. Ta gaya wa ɗanta cewa maganar ta soki zuciyarta a lokacin, ta kuwa sani Allah ya gafarta mata dukan zunubanta. Ka yi tunani. Da tsohuwar nan ta bi koyarwar zama shiru, ta tsaya gida tana jiran tabbaci kafin ta zo, da ta guje wa wurin da tabbacin yake jiranta.

Za ka ce, to, gargaɗin Bulus fa, a kan ci da sha da rashin cancanta? Mutane sun yi wa Wesli wannan tambaya, ya amsa ta cikin wani wa'azi da aka buga a 1787. Ya ce a duba abin da Korantiyawa suke yi. Suna taruwa, mai abu ya riga cin nasa har ya bugu, matalauci yana zaune da yunwa. Irin cin nan ne Bulus ya tsauta. Buɗe 1 Korantiyawa 11:20-22 ka gani da idonka. A aya ta 28 kuma, bayan ya ce mutum ya auna kansa, abin da ya biyo shi ne ya ci. In cancantar kanmu ake jira, ba Bitrus ba Yahaya da zai zauna a teburin nan. Ubangiji kuwa umarni ya bayar a Luka 22:19. Wanda ya ji bai isa ba ya kuma ƙi umarni, ya ƙara wa borno dawaki.

Amma kada ka ɗauki wannan kamar ƙofar sakaci. In kana riƙe da zunubin da ka sani, kana gaba da ɗan'uwa a kan iyakar gona, ko ka ci amanar wani, magani shi ne ka tashi tun kafin Lahadi ka je gidansa ku shirya (Matiyu 5:23-24). Metodis da yawa a yau, musamman a Ingila da Amurka, sukan gayyaci duk mai neman Almasihu da tuba zuwa tebur. A wurinmu baftisma ce da fari, in dattawa kuma sun tsai da kai, ka yi biyayya ka nemi shiri. Maganarmu a kan wanda babu abin da ya tsai da shi sai sanyin zuciyarsa.

Wesli da kansa yakan ci Jibi fiye da sau ɗaya a mako. A 1745 shi da Cals suka buga littafin waƙoƙi 166 a kan Jibi kaɗai. A 1784, da ya ji Metodis na Amurka ba su da mai yi musu baftisma ko ba su Jibi bayan yaƙin neman 'yancin ƙasarsu, ya keɓe musu fastoci, ya shawarce su su ba da Jibi kowace Lahadi. Abin bai yiwu ba. Fasto ɗaya yana zagaya ƙauyuka masu yawa a kan doki, sai ya zama wata uku uku ake ci. Mu mutanen ƙauye mun san wannan. In Jibi sau kaɗan yake zuwa garinku a shekara, ka lissafa asarar wanda ya bar shi ya wuce.

Addu'a

Me ya riƙe su tsakanin zuwan fasto da zuwansa? A 1742 a garin Biristol bashin ginin ɗakin taro ya dame su. Wani kyaftin mai suna Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo a mako. Aka ce matalauta sun yi yawa. Ya ce a ba shi goma sha ɗaya mafi talauci, zai bi su gida gida, wanda ya rasa shi zai biya masa. Wasu suka yi haka. Masu bin kwabo suka fara ganin abin da ke cikin gidaje: wannan ya koma giya, waccan tana ciwo ba mai dubawa. Wesli ya gane ya sami abin da ya fi kuɗi. Daga nan aka raba jama'a aji aji, kamar mutum goma sha biyu, da shugaba namiji ko mace. Kowane mako su taru, shugaba ya tambayi kowa lafiyar ransa, su yi wa juna addu'a. Metodis na Gana suna riƙe da wannan aji har yanzu. Ba ya bukatar fasto ko gini. Tabarma ta isa.

Cikin dokokin da ya rubuta musu a 1743 ya sa addu'ar iyali da addu'ar kaɗaici tare da sujada da Jibi da azumi. Ya ga misali a gida. Susana ta ba kowane ɗa nata lokacinsa a mako da dare, ta zauna da shi shi kaɗai ta ji abin da ke ransa. Daren Jon Alhamis ne, har da ya girma ya rubuta mata yana tuna mata da shi.

Maigida, a daren yau bayan tuwo ka tara iyali, ko zuciyarka tana da zafi ko babu. Wanda ya iya karatu ya karanta Luka 24:13-35. Ka tambayi yara ko mutum biyun nan suna da ƙarfin bangaskiya sa'ad da suka kama hanyar Imuwasu. Ka tambaye su kuma wane ne ya buɗe musu Littattafai a hanya, da abin da yake yi da hannunsa sa'ad da suka gane shi. Sa'an nan ƙaramin cikinku ya fara addu'a, kai ka rufe.