Darasi Daga Annobar Amwas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A shekara ta 18 bayan Hijira, watau 639 Miladiyya, annoba ta ɓarke a Amwas, wani gari na Falasɗinu, ta bazu cikin ƙasar Sham. Malaman tarihi sun ce ta ci mutum wajen 25,000, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrahu, shugaban rundunar Musulmi, da Mu'azu ɗan Jabal wanda ya gaje shi. Ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya umurci jama'a su warwatsu cikin duwatsu.

To, cuta ta tafi, amma ta bar mutane da mikinta a zuci. Gidaje sun zama kufai, rabon gado ya rikice saboda yawan mamata. Sai Halifa Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya taso daga Madina da kansa. Ya zaga garuruwan Sham, ya daidaita al'amuran mulki, ya raba gadon mamata ga magadansu.

An ruwaito cewa da zai koma, jama'a suka roƙe shi ya sa Bilalu ya yi kiran salla, ga shi kuwa ya daina tun bayan wafatin Annabi. Da muryarsa ta tashi sai Sahabbai suka fashe da kuka har gemunansu suka jiƙe, Umaru ya fi kowa. Babu wanda ya ce musu sun rasa haƙuri.

A nan akwai abin lura. Wanda ya tsira daga yaƙi ko annoba yakan yi fama da firgita, da rashin barci, da mugayen mafarkai, wani ma ya riƙa zargin kansa don ya rayu 'yan'uwansa sun mutu. Wannan ba raunin imani ba ne. Shari'a ta hana kururuwa da yage tufafi, ba ta hana hawaye ba. Hakkinsa ne a ziyarce shi, a saurare shi, a mayar masa da dukiyarsa, domin hankalin maraya ba ya kwanciya matuƙar gonar ubansa tana hannun wani. In abin ya daɗe, sai a kai shi ga likita, gama neman magani sunna ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, amin.