Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce ma'anar "recusation"?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa ya ci karo da kalmar "recusation" a labarin wata shari'a. Yana so ya san ma'anarta, kuma yana tambaya ko tana nufin an kama alƙali da laifi ne aka sauke shi.

Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ba kai kaɗai take yi wa ƙaiƙayi ba. Ma'anar kalmar ita ce alƙali ya tsame hannunsa daga wata shari'a guda, ko a nemi ya tsame, saboda akwai abin da zai sa a yi shakkar adalcinsa a kanta. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin ƙin amincewa. Lauyoyin Najeriya da Ingila da Amurka sun fi cewa "recusal". A Nijar kuwa, inda ake shari'a da Faransanci, "récusation" ita ce buƙatar da mai ƙara ko wanda ake ƙara yake shigarwa cewa bai yarda wannan alƙalin ya saurare shi ba.

To, ba kora ba ce, ba kuma murabus ba. Alƙalin yana nan kan kujerarsa, gobe zai zauna ya saurari sauran ƙararrakin da ke gabansa. Wannan fayil ɗin kaɗai ya bari. Dalilan da aka saba gani su ne dangantaka ta jini ko ta aure da ɗaya daga cikin masu shari'ar, ko hannun jari a kamfanin da ake ƙara, ko kuma ya taɓa zama lauya a kan maganar tun kafin ya hau kujera. Malaman fiƙihunmu ma sun daɗe da faɗin haka: alƙali ba ya yanke hukunci don amfanin wanda ba a karɓar shaidar da zai bayar dominsa, kamar ɗansa ko mahaifinsa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba sai an tabbatar alƙali ya yi son kai ba. Tambayar da kotu ke yi ita ce: mutum mai hankali da ya san yadda lamarin yake, zai iya zargin an yi son kai? Ka ɗauka alƙalin wasa ne ƙaninsa ke buga wa ɗaya ƙungiyar. Ko ya busa gaskiya tsantsa, wa zai yarda?

Dubi abin da ya faru a Ingila. A 1998 aka kama tsohon shugaban mulkin soja na Chile, Augusto Pinochet, a Landan bisa buƙatar ƙasar Sifen. Alƙalai 5 na kotun ƙolin Ingila ta wancan lokacin suka zauna, 3 suka ce ba shi da rigar kariya, 2 suka saɓa. Sai ta bayyana cewa ɗaya daga cikin ukun, Lord Hoffmann, darakta ne a wata gidauniya ta ƙungiyar Amnesty International, alhali ƙungiyar ta shiga cikin shari'ar. Ba wanda ya ce ya ci ko sisi. Duk da haka aka soke hukuncin, wasu alƙalai 7 suka sake zama a 1999. Da ya faɗi alaƙar tun farko, da duk wannan wahala ba ta taso ba.

A gida kuma, za ka tuna watan Mayun 2019, lokacin da jam'iyyar PDP da Atiku Abubakar suka nemi Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta janye daga sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, saboda mijinta zaɓaɓɓen sanata ne a APC. Kotun ta yi watsi da buƙatar, amma ita da kanta ta ce ta janye. A ganina ta yi dabara, domin ko wane hukunci ta yanke, da maganar mijinta za a yi ta yi.

Sai dai fa abin yana da iyaka. Don alƙali ya hana ka beli, ko ya ɗaure maka fuska, wannan bai isa dalili ba. Da kowa zai iya canza alƙali don bai yi masa ba, da masu ƙarfi sun riƙa zaɓen wanda suke so. Janyewar kuma tana cin lokaci, domin fayil zai koma hannun babban alƙali ya miƙa wa wani, sau da yawa a faro daga tushe. Haka aka yi a shari'ar Nnamdi Kanu: Mai shari'a Binta Nyako ta janye a watan Satumban 2024, sai a watan Maris na 2025 aka sake gurfanar da shi gaban Mai shari'a James Omotosho.