Kamiyo ya yi zafi a hanyar Tasawa

Yara, a hutun da ya wuce na tashi daga Maraɗi za ni Damagaram. Ban sami motar fasinja ba, sai na shiga gaban wani kamiyo da ya ɗauko albasa daga Galmi. Lokacin bazara ne, rana tana dukan ƙasa. Mun wuce Agye, mun wuce Gazawa lafiya. Kafin mu kai Tasawa sai direba ya dubi wata allura da ke gabansa, ya yi tsaki, ya gangara gefen hanya.

— Maigida, lafiya? in ji yaron mota.

— Inji ya yi zafi. Sauko da jarkar ruwa.

Yaron ya sauko da jarka, ya miƙa hannu zai buɗe murfin radiyatar. Direba ya yi wuf ya riƙe shi.

— Kai! Kana son fuskarka? Zauna, sai ya huce.

Muka zauna gindin wani gawo. Abin da na gani a wannan rana shi ne darasinmu na yau.

Ina zafin yake fitowa? A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda. A cikin kowace silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka. In ya hau sai ya matse iska har ta yi zafi ƙwarai, a fesa mata gazuwal, wuta ta kama, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Haka ake yi sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya. Ba duk ƙarfin wutar ke tura mota ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne, ko fiye kaɗan, ke zuwa ga ƙafafu. Sauran zafi ne kawai: wani ya bi hayaƙi ya fita, wani ya shiga jikin ƙarfe. Wannan na ƙarshe, ruwa ne ke kwashe shi.

Ruwan yana zagaye silinda ta cikin hanyoyin da aka bari a jikin inji. Famfo ne ke tura shi. In ya ɗauki zafi sai ya bi tiyo na sama ya shiga radiyatar, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira lagireto. Radiyatar ƙananan bututu ce masu yawa. Iskar tafiya da iskar fanka suna ratsa tsakaninsu, ruwa ya huce, ya koma inji ta tiyo na ƙasa. A bakin hanyar akwai wata ƴar ƙofa, tarmosta. Tana rufe in inji yana da sanyi, tana buɗewa in ruwa ya haura digiri 80. Inji ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 da 95.

To, me ya sa direba ya hana yaron buɗe murfi? Kun sani ruwa yana tafasa a digiri 100 a cikin tukunya. Amma murfin radiyatar yana matse ruwan, ruwan da aka matse kuwa yana iya kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe murfin, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya, ya yi tsalle ya wanke fuskar wanda ya buɗe. Kuma ba a kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, don ƙarfen yana iya tsagewa.

Da inji ya huce aka ƙara ruwa, muka lallaɓa muka shiga Tasawa, muka tsaya wurin wani tsohon makanike. Bai yi gaggawa ba. Ya jira inji ya sake hucewa, ya buɗe murfin, ya cika ruwa, ya ce a tayar. Muka leƙa. Ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba su tsayawa.

— Jwan kilas ya fara tafiya, in ji shi.

Ku saurara da kyau a nan. Inji kashi biyu ne. Na ƙasa shi ne gangar jiki, inda silinda suke. Na sama murfi ne na ƙarfe mai nauyi, makanikai suna ce masa kilas, sunan daga faransanci yake. Tsakanin su biyu akwai wani faifai siriri mai huda-huda, shi ne jwan kilas. Siriri ne, amma abu uku yake rabawa: wutar silinda, da ruwa, da man inji. Kowanne yana da hanyarsa, kuma bai kamata su gamu ba. In inji ya yi zafi fiye da kima, kilas yana ɗan lanƙwashewa, ya daina danne faifan daidai. Sai wuta ta sami ƴar kafa ta ƙona shi. Kumfan da muka gani hayaƙin silinda ne da ya shiga hanyar ruwa.

Akwai wasu alamu. In ruwa ya shiga silinda, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta baya ko da inji ya daɗe da ɗumi. In ruwa ya shiga mai, man yana komawa kamar shayi da madara. Wani lokaci ruwa yana raguwa kullum, ba a ga inda yake ɗiga ba. Tsohon ya zaro sandar awon mai ya duba. Man baƙi ne, ba madara. Ya ce da sauran dama.

Direba ya shiga tunani. Gyara na gaskiya sai an sauke kilas, an nemo sabon faifai, aikin kwanaki. Albasa kuwa ba ta jiran kowa a cikin wannan zafi, ga mai kaya yana jira a Damagaram. Sai ya fito da wata kwalba daga ƙarƙashin kujera.

— Baba, wannan fa? An ce in an zuba tana liƙe jwan.

Tsohon ya juya kwalbar, ya miƙo mini.

— Mushe, karanta mana abin da aka rubuta.

Ga yadda irin wannan magani yake aiki. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani ruwa da ake kira silikat na sodiyom, wasu kuma da ƙananan zaruruwa ko garin jan ƙarfe. Ana zuba shi a cikin ruwan radiyatar, ya zagaya tare da shi. In ya iso wurin da faifai ya tsage, zafin wurin yana busar da shi, ya daskare kamar gilashi, ya toshe kafar. Dabara ce mai kyau, amma maganin ba ya da ido. In bututun radiyatar sun riga sun ƙuntata da datti, yana iya toshe su su ma, zafi ya ƙaru. Kuma ƙaramar kafa kawai yake iya rufewa. Ba ya miƙe kilas da ya lanƙwashe. In mai ya riga ya zama madara, ko ruwa yana fita da ƙarfi ta bakin radiyatar, zuba shi asarar kuɗi ce. Wasu direbobi suna zuba garin barkono ko ɗanyen ƙwai in radiyatar tana yoyo. Wannan ba ya yi wa jwan kilas kome, sai ƙarin datti.

Tsohon ya ce:

— Za mu zuba, ɗana. Amma tukuna, me ya sa injin ya yi zafi tun farko?

Wannan tambaya ita ce ta fi burge ni. Ya danna igiyar fanka da yatsa, sai ta lotsa sosai: ta saki, fanka da famfo ba su juyawa yadda ya kamata. Ya nuna mana gaban radiyatar, ƙura da ƙaiƙayi da matattun fari sun liƙe shi. Da ya zubar da tsohon ruwan, ja ne kamar ruwan tabki. Ruwan rijiya ne kawai ake ta zubawa. Ku duba cikin butar shayi ta gidanku, za ku ga farin abin da ruwa ke bari. Haka yake taruwa a cikin radiyatar, ga kuma tsatsa. Shi ya sa ake sayar da ruwan inji na musamman, kore ko ja, mai hana tsatsa. Amma ku kiyaye: yana da zaƙi, kuma guba ne. Ba a ajiye shi inda yaro ko akuya za su kai baki.

Aka ɗaure igiya, aka wanke gaban radiyatar, aka ɗauraye cikinta har ruwa ya fito fari. Sannan aka zuba maganin, aka bar inji yana aiki iya lokacin da aka rubuta a kwalbar. Kumfa suka ragu, suka ɗauke. Muka jira rana ta faɗi, muka kama hanya sannu-sannu, idon direba yana kan allura. Cikin dare muka shiga Damagaram.

Ni ban ga laifin direban ba, don ya ceci albasarsa. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai zuba kwalba ya manta. Bayan mako ɗaya na iske kamiyon a wani garaji, an sauke kilas. Makanike ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa, haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Sai da aka kai shi aka goge fuskarsa ta koma daidai, aka sa sabon faifai. Kusoshin kilas ma ba a ɗaure su da ka. Ana farawa daga tsakiya a yi waje, kaɗan-kaɗan, da makulli mai awon ƙarfi.

Mu gwada

Ku samo sabon sirinji marar allura. Ku ja iska, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Yanzu ku cika shi da ruwa, ku toshe, ku sake dannawa. Wanne ya matsu? Wanne ya ƙi?

Tambayoyi

1. In ruwa ya taru a cikin silinda da dare, me zai sami fistan da hannunsa in aka tayar da inji da safe? Ku yi amfani da abin da kuka gani a sirinji.
2. Waɗanne abubuwa uku jwan kilas yake rabawa?
3. Me ya sa tsohon makanike ya duba igiyar fanka kafin ya zuba maganin?
4. Ku zana hanyar da ruwa yake bi, ku rubuta sunan kowane wuri da hausa da faransanci.