Jiki da zuciya tafiyarsu ɗaya

Darasinmu na yau ya fito daga ƙasar Amurka.

A shekara ta 1864 cutar sanƙarau ta shiga gidan wani lokotoro mai suna Andrew Taylor Still, ta kashe masa yara uku. Magungunan wancan zamani ba su tsinana masa komi ba, wasu ma guba gare su. Sai ya shiga neman wata hanya. A 1874 ya bayyana ta, a 1892 ya buɗe makarantarta a garin Kirksville, cikin jihar Misuri. Sunan hanyar ostiyofati, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙashi.

Still ya koyar da cewa ƙashi da nama da jijiya da zuciya a haɗe suke. In ɗaya ya taɓu, sauran za su ji. Don haka mai magani ya duba mutum gaba ɗaya: aikinsa, abincinsa, barcinsa, da abin da ke damun ransa.

Amma ya yi kuskure guda. Ya zaci gyaran ƙashi da hannu zai warkar da kusan kowace cuta. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tausa da miƙar da gaɓoɓi suna iya rage ciwon baya, amma ba su kashe ƙwayar sanƙarau ko ta zazzaɓin cizon sauro. Yau lokotorocin wannan hanya a Amurka suna karatu irin na sauran lokotoroci, suna ba da magani da allura, suna yin tiyata.

Mine ne namu a ciki? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Manomin da damina ta ɓata wa gona, bashi ya hau kansa, yakan kwana ido biyu. Kai ya yi ciwo, wuya ya sage, abinci ya fita ransa. Ya sha ƙwaya daga hannun mai talla, ciwon ya lafa, gobe ya dawo, don tushensa yana cikin zuciya.

Ga abin yi:

1. In kun je likita, ku faɗi ciwon jiki, ku faɗi damuwar rai. Babu kunya a ciki.
2. Baƙin cikin da ya kai sati 2 bai yaye ba, tare da rashin barci ko rashin cin abinci, ciwo ne, kuma yana da magani.
3. Mai taɓin hankali kada a ɗaure shi, kada a buge shi. A kai shi likita. Wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar nan.
4. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba aikin tausa ba ne. A garzaya likita.

Tambayar da za ku tattauna a aji: wa ke cikin gidanku da ya daɗe bai yi dariya ba, kuma wa ya zauna ya tambaye shi dalili?