Yadda Keke Ya Koya Mini Karatun Taswira

A jarrabawar zangon da ya wuce maki 4 kacal na samu cikin 20 a karatun taswira. Malaminmu na labarin ƙasa ya kira ni, ya ce in ban gyara ba, ba zai sa sunana cikin masu ɗaukar darasinsa a jarrabawar fita ba. Abin da ya kayar da ni kuwa shi ne layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tudu da kwari. Ni a idona duk kamar saƙar gizo suke.

Ranar wata Asabar bayan an gama duba ɗakunan kwana, sai malaminmu na Faransanci ya tarar da ni a gindin dalbejiya na yi tagumi. Da na gaya masa damuwata, sai ya ce, "Yaro, ka iya hawa keke?" Na ce, "Na iya, Malam." Ya ce, "To, ai ka riga ka san rabin darasin." Ya aike ni gidansa na ɗauko wata taswira da ya zo da ita daga birnin Tulus, a kudancin Faransa, inda ya yi kwas. Ni dai ban taɓa zuwa Faransa ba. Abin da zan rubuta a nan, daga wannan taswira na koye shi, da bakin Malam, da littattafan laburarenmu. Na rubuta shi ne don 'yan uwana ɗalibai masu irin matsalata.

Da farko ya kamata mu san irin keken da ake magana. Ana ce masa keken dutse. Matasan Kalifoniya ta Amurka ne suka fara shi a shekarun 1970, ya shiga wasannin Olamfik a 1996. Faransawa na kiransa VTT, wato keken da ke bin kowace irin ƙasa, kuma sun ƙware a kansa: Juliyan Absalon ya ci zinare a 2004 da 2008, Polin Feran-Firebo ta ci a 2024. Tayoyinsa masu kauri ne masu haƙora, birkinsa na kamawa sosai, ga giya da yawa. A kansa Malam ya yi tafiyar kwana biyar, daga cikin daji, ta kwaruruka, har bakin teku.

Tafiyar ta fara ne daga wasu duwatsu da ke gabas da Tulus, waɗanda ake kira Montan Nuwar, wato Baƙin Dutse. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,211. Daji ne mai duhu, ga damina mai yawa, ga aladen daji. A lokacin farauta, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, mai keke kan sa riga mai haske don kada maharbi ya ɗauke shi dabba. Malam ya sa yatsana a kan wurin, ya ce in faɗi abin da na gani. Na ce layukan sun matsu da juna kamar za su haɗe. Ya ce, "A nan na sa ƙaramar giya, ina haki, har na sauka na tura." To, wannan shi ne darasi na farko. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. A taswirarmu tsakanin layi da layi mita 10 ne. In ka tsallake layi goma cikin ɗan taƙi, ka hau mita 100 ke nan, cinyoyinka kuma za su shaida. In gangarowa kake yi, sai ka ja jikinka bayan sirdi, ka riƙe birkin gaba da na baya tare, don wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai, ƙasa ce za ta karɓe shi.

Darasi na biyu a kwari yake. Na lura duk inda rafi ya ratsa, layukan sukan lanƙwashe su yi tsini kamar bakin kibiya. Malam ya ce tsinin nan kullum mafarin ruwa yake nunawa, wato sama. Saboda haka ko ba a zana kibiya ba, kana iya sanin inda rafi ya dosa. Mai keke da ya bi gefen rafi ya nufi inda ruwa ke tafiya, feda ba za ta wahalar da shi ba. Wanda kuwa ya ce zai yanke daga wannan kwari zuwa wancan don ya rage hanya, sai ya hau tudun da ke tsakaninsu. Gajeriyar hanya a takarda ba ita ce gajeriya a ƙafa ba. Na kuma koyi awo: ma'aunin taswirar 1 cikin 25,000 ne, wato santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa.

Ina cikin dubawa sai na ga wani siririn shuɗin layi a cikin dajin, wanda ya saba wa sauran. Rafuka suna yanka layukan tudu su gangara, shi kuwa yana bin gefensu, yana lanƙwasa duk inda suka lanƙwasa. Na tambayi Malam ko wane irin rafi ne wannan. Ya yi dariya ya ce, "Yau ka fara karanta taswira. Wannan lambatu ne, hannun mutum ya haƙa shi." Daga nan ya ba ni labarinsa.

Tun da daɗewa Faransawa suna son hanyar ruwa da za ta haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum, don jiragensu su huta da kewaya ƙasar Sifen ta mashigin Jibralta. Abin da ya gagara shi ne, tsakanin tekunan biyu akwai wani ƙusumbin ƙasa da ake kira Noruz, mai tsayin mita 189. Ruwa ba ya hawa tudu, ina za a samo wanda zai cika kogin a can sama? Wanda ya warware matsalar wani mai karɓar harajin gishiri ne, mutumin garin Beziye, sunansa Piyer-Pol Rike. Ya san Baƙin Dutse ciki da bai. Ya ga cewa in an tare rafukansa, aka bi da su gefen tudu a hankali, ruwan zai isa Noruz da kansa, daga nan ya rabu biyu, wani ya yi yamma, wani gabas. Sarki Luwi na 14 ya ba da izini a 1666. Aka gina babbar madatsa a San Fereyol don ajiyar ruwan rani. Ma'aikata sun kai wajen 12,000, maza da mata, da diga da shebur da kwando. Rike ya zuba dukiyarsa a aikin har ya ci bashi, ya rasu a 1680, saura 'yan watanni a buɗe shi a 1681. Wannan haƙaƙƙen kogi shi ne Kanal di Midi, mai tsawon kilomita 240 daga Tulus zuwa tafkin To, kusa da garin Set. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Gefen wannan lambatu Malam ya bi ya fita daga daji, ya wuce garin Rebel, ya isa Noruz. Daga nan ya hau turbar da ke gefen kogin. Asalinta ta dawaki ce. A da jiragen ba su da inji, doki ne ke tafe a bakin ruwa yana jan su da igiya. Da jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19, sai kasuwar kogin ta fara ja da baya, har jiragen kaya suka daina binsa. Masu yawon shaƙatawa da masu keke su ne suka gaji turbar.

A nan darasi na uku yake, kuma da lissafi na gane shi. Daga Noruz zuwa teku wajen kilomita 190 ne, gangarar kuwa mita 189. Ashe ke nan mita ɗaya kawai ake sauka a kowace kilomita. Ko wannan ma ba a shimfiɗe take ba, don ruwan kogin a kwance yake. Ana yin saukar ne a wasu ɗakunan ruwa masu ƙofofi gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a rage ruwa ko a ƙara, ya sauka ko ya hau, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. A Fonseran, kusa da Beziye, an jera ɗakunan kamar matakala, a da jirgi kan sauka fiye da mita 20 cikin taƙin da bai wuce mita 300 ba sosai. Inda dutse ya tare hanya a Malfas, sai Rike ya huda shi, kogin ya bi ta ciki. A taswira, shuɗin layin na tafiya mai nisa bai tsallake layin tudu ko ɗaya ba.

Amma kada mai karatu ya zaci tafiyar duk daɗi ce. Malam ya ce bayan garin Kastelnodari, ta wajen Karkason, ya sha fama da saiwoyi da taɓo, ya yi faci sau biyu. Ga kuma wata iska da ke tasowa daga kudu maso gabas, ana ce mata Otan, wadda ta yini tana tura shi baya. Ya ce ita ce tudun da ba a zana a taswira ba.

Akwai kuma wani abin da taswira ba ta nuna ba, shi ne ya fi taɓa ni. A da bakin kogin yana da manyan itatuwa da ake kira filatan, kimanin 42,000, masu inuwa kamar maɗacin da ke kan hanyar shiga makarantarmu. Saiwoyinsu na riƙe gaɓar kogin, inuwarsu na rage ƙafewar ruwa. A 2006 aka gano wata cuta ta fumfuna ta kama su. Ana jin ta shigo Faransa ne cikin akwatunan katako na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana shiga ta rauni a jikin itace, ko na gatari ne ko na jirgin da ya gogi saiwa, ruwa kuma ya kai ta gaba. Ba ta da magani, sai a sare itacen a ƙone. An riga an sare fiye da rabinsu, ana dasa waɗansu iri-iri a madadinsu, don kada cuta ɗaya ta sake kwashe su gaba ɗaya. Malam ya nuna mini hotuna biyu da ya ɗauka a yini ɗaya. A na farko yana cikin inuwa kamar rumfa, a na biyu rana ce tsaka, sai 'yan dashe da ba su fi tsayina ba. Wanda ya dasa su ya san ba lalle ne ya sha cikakkiyar inuwarsu ba, kamar yadda Rike bai ga jirgi ya ratsa koginsa ba.

To, 'yan uwa, ga shawarata. In an ba ka taswira a jarrabawa, ɗauka a kan keke kake. Tambayi kanka, a ina zan yi haki, a ina zan saki feda, ina ruwa zai bi in an yi sama? Layukan da suka matsu hawa ne mai tsanani, waɗanda suka ware fili ne, tsininsu a kwari kuwa sama yake nunawa. Da wannan dabara na sami 15 cikin 20 a gwajin makon jiya. Malamin labarin ƙasa ya ce saura, amma ya rubuta sunana da fensir. Ina fata kafin ƙarshen zango ya bi shi da biro.